Raddi ga Masu Cewa Ƙaramin Tanki Ya Ishi Jaririyar Kunamar Ruwa

A shagunan kifin ado na Turai da Amurka da gabashin Asiya ana sayar da 'ya'yan kunamar ruwa ta Kudancin Amurka, kifin nan mai shimfiɗaɗɗen jiki kamar faifai da doguwar wutsiya mai ƙaya mai dafi. Masana na kiran jinsinta Potamotrygon, gidanta kuma kogunan Amazon da Orinoko da Parana ne. Tana da 'yar'uwa ta nesa a kogin Neja da Binuwai, wadda aka fara bayyana ta a kimiyyance a 1962 daga wajen Garwa, amma ba ita ake ciniki ba. Dillalan wannan kifi suna da magana guda da suke maimaita wa mai saye: tunda 'yar ƙarama ce, tankin lita 100 ya ishe ta, a haɗa mata sabuwar matata mai ƙarfi yau a zuba ta gobe, in ta girma a sauya mata wuri. Ra'ayina shi ne an juya lissafin ne baibai. Jaririyar ce ta fi babbar bukatar ruwa mai yawa wanda ba ya sauya hali, domin ita ce ba ta da ƙarfin jure kuskuren mai kiwo.

Da'awarsu ta farko ba ta bukatar dogon zance. Suna sayar da wasu da sunan da ke kwatanta su da kofin shayi, har mai saye ya ɗauka wani nau'i ne da ba ya girma. Babu irin wannan nau'i a cikin waɗanda suka cika kasuwa. Uwar ba ƙwai take zubawa ba, 'ya'ya take haifa, kowanne faɗinsa wajen santimita 10. Wadda ake kira motoro, da ta fi kowacce yawa a hannun masu kiwo, tana kai santimita 45 ko fiye, ban da wutsiya. Abin da ake kira wada jariri ne kawai.

Ta biyu ita ce cibiyar rigimar: wai ƙaramin kifi ƙazantarsa kaɗan ce. Wannan zai yi daidai da a ce girman jiki ne ke ƙayyade ƙazanta, alhali abincin da aka ci ne. Kunamar ruwa nama take ci, tana da jatan lande da yankan kifi, jaririya kuma sai an ciyar da ita sau biyu ko uku a yini in ana so ta rayu. A ƙaddara an ba 'ya'ya biyu giram 10 na jatan lande a rana. Kusan kashi 20 cikin 100 na wannan nama furotin ne, wato giram 2, kashi 16 cikin 100 na furotin kuma naitirojin ne, wato miligiram 320. Ko rabinsa kaɗai ya fita a matsayin ammoniya, an sami miligiram 160. A tankin lita 100 wannan ya zama miligiram 1.6 a kowace lita cikin yini guda, a tankin lita 500 kuwa 0.3 ne da ɗan ɗoriya. Ƙazantar ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne ruwan da zai tsarma ta kafin matata ta ci ƙarfinta.

Halittar kifin ma tana ƙara wa hujjar nauyi. Danginta na teku, har da kifin shak, suna tara yuriya a jininsu domin kada gishirin teku ya tsotse musu ruwan jiki. Thomas Thorson na jami'ar Nebraska da abokan aikinsa sun nuna a 1967 cewa Potamotrygon ta rasa wannan siffa, kusan babu yuriya a jininta, ammoniya take fitarwa kai tsaye cikin ruwan da take shaƙa. A kogi wannan ba komai ba ne, ruwa na wucewa da shi, wasu rassan Amazon ɗin kuma irin su Riyo Negro ruwansu mai tsami ne ƙwarai, inda ammoniya ke zama cikin siffarta mara cutarwa sosai. Ruwan famfon birni ba haka yake ba. A zafin digiri 25, idan ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, yana kan 7, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na ammoniyar ne ke cikin siffa mai guba. In ya hau 8 sai ya kai wajen kashi 5. Gwaji ɗaya, lamba ɗaya, amma haɗarin ya ninka kusan sau goma. Dillalin da bai tambayi mai saye halin ruwan garinsu ba bai isa ya ce masa lita kaza ta wadatar ba.

Sai su ce ai shi ya sa ake sayen matata mai ƙarfi, ga ruwa nan garau. Nan ma an cakuɗa abu biyu. Soso da auduga suna kama dattin da ido ke gani, ammoniya kuwa ba ta da launi, tanki na iya ɗaukar ido don haske yana kashe kifi. Masu cinye ta ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne a jikin soso da duwatsun cikin matatar, wasu su mayar da ita naitirait, wanda shi ma guba ne, wasu irin su Nitrospira su mayar da shi naitiret. Sabuwar matata fanko take, komai tsadarta, kuma waɗannan halittu suna ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai an ciyar da tankin da ammoniya babu kifi a ciki, ana gwadawa, har a ga ammoniya da naitirait sun koma sifiri cikin kwana guda, sannan a kawo jaririya. Bayan haka ma matata ba ta ɗauke wa kowa sauya ruwa ba, domin naitiret taruwa yake yi, shi ya sa masu kiwo da yawa ke kwashe kwata zuwa rabin ruwan duk mako. Kada kuma a wanke soson da ruwan famfo mai kulorin, wankin minti biyu na iya rushe aikin wata guda. Wanda ke zaune a garin da lantarki ke zuwa yana ɗaukewa ya san cewa bakteriyar nan da iskar oksijin suke rayuwa, matatar da ta tsaya sa'o'i masu yawa ba ta komawa yadda take nan take in an kunna ta.

Akwai hujja guda a bakinsu da ta cancanci a saurare ta da kyau. Suna cewa manyan masu hayayyafar kifin da kansu a ƙananan tankuna suke renon jarirai, domin a wuri mai faɗi jaririya kan kasa samun abinci, manya kuma su danne ta. Gaskiya ne. Jaririyar da ta daina ci tana ramewa da sauri, a ga goshinta ya loɓa tsakanin idanu, ƙasusuwa biyu sun fito a gindin wutsiya, in gefen jikinta ya fara naɗewa sama kuwa da wuya a ceto ta. Sai dai a duba bayan waɗannan ƙananan tankuna. Galibi a haɗe suke da bututu zuwa babban tankin tacewa da ke ƙasa, ko kuwa ana sauya musu ruwa kullum. An rage filin da jaririya ke yawo ne, ba a rage ruwan da ke ɗauke ƙazantarta ba. Mai son bin sawunsu ya sa shinge cikin babban tanki, ya sami amfanin biyun. Kwaikwayon abin da ke gaban ido a bar na bayan bango ba bin masana ba ne.

Kan shimfiɗa, dillalai kan ce tsakuwa mai launi ba ta da laifi. Bakin kunamar ruwa a ƙasa yake, cikinta fari ne mai laushi, ɗabi'arta kuma ta binne kanta ta bar idanu da ƙofofin numfashi biyu da ke bayansu. Tsakuwa mai kaifi tana kuje cikin, raunin ya zama ƙofar cuta. Yashi mai laushi mara kauri, ko gilashi tsirara a makonnin farko don a ga abin da ta ci, sun fi. Hita a sa masa kariya ko a kai shi tankin tacewa, domin takan kwanta a kansa ta ƙone. Zafi tsakanin digiri 25 da 28. Maganin kifi mai jan ƙarfe kada ya kusance ta.

Saura alkawarin nan na sauya tanki in ta girma. Jaririya mai ƙoshi kan ninka faɗinta cikin shekara, kuma faɗin ƙasa take bukata, ba zurfi ba: kifi mai santimita 45 ba zai iya juyawa a tanki mai faɗin 45 ba. Tankin da ya kai santimita 180 a tsawo, 90 a faɗi, 60 a zurfi yana ɗaukar lita 972, kusan tan guda na ruwa, kuma wannan mafari ne ga babba. Wanda bai da ɗakin da zai ɗauki wannan a ranar saye, ba wata goma sha biyu ce za ta ba shi ba. Inda ake ƙarewa sananne ne: a Singafo an tabbatar motoro ta kafu tana hayayyafa a madatsar ruwa ta Upper Seletar, wurin da ba hanyar da za ta kai kanta sai ta hannun mutane. Jihohin Amurka irin su Fulorida da Kalifoniya sun hana riƙe ta ba tare da izini ba, a taron yarjejeniyar cinikin namun daji ta CITES da aka yi a Panama a 2022 kuma an sa wadda ake kira leopoldi ta kogin Shingu da wasu 'yan'uwanta na Barazil cikin jerin da ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda.