Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamna Abba Kabir Yusuf

Mai girma Gwamna,

Ni malamin firamare ne, haifaffen Mainika a ƙaramar hukumar Gwarzo. Na yi shekaru ina koyarwa a unguwannin gefen birnin Kano kafin na dawo gida. Da ka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024 mun yi murna ƙwarai, sai dai ina da koke ɗaya.

A kwaleji an koya mana darasi kamar duk yaran aji daga zaure ɗaya suke fitowa. A birni kuwa na tarar da ɗan Yarbawa da ɗan Kanuri a benci ɗaya. Na ɗauka nan ƙauye ba haka ba ne, ashe na yi kuskure. Ga 'ya'yan Fulani daga ruga, ga na Maguzawa Kiristoci, ga waɗanda rashin tsaro ya koro daga Katsina da Zamfara, da sun ce "hwara" maimakon "fara" sai aji ya kwashe da dariya.

Akwai wata yarinya 'yar Fulani da ta shafe zango guda ba ta ce uffan ba. Har na sa ta cikin marasa ƙoƙari, Allah ya yafe mini. Ran nan a lokacin tara sai na hango ta a gindin darbejiya tana jera tsakuwa: go'o, ɗiɗi, tati, nayi. Lissafi take yi tsaf, da Fillanci. Ashe Hausar ce ba ta zauna mata ba, balle Turanci. Na nemo wani babban yaro ya riƙa fassara mata, kafin hutu ita ke fara ɗaga hannu.

Ranka ya daɗe, tun 1989 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin makiyaya, amma yaron rugar da ya shigo firamaren gari ba shi da mai jin harshensa. Muna roƙon a sa dabarun koyar da yara masu harsuna da al'adu daban-daban cikin horon malamai a Kwalejin Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, da kuma bitar da hukumar SUBEB ke shiryawa. In za a ɗauki sababbin malamai a Gwarzo da Kabo, a nemi masu jin Fillanci a tura su aji ɗaya da aji biyu. Yaron Kirista da ke tsayuwa a baranda lokacin darasin addini shi ma a samar masa malami.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani malamin firamare, Mainika.