Ra'ayinmu: A Tare Kumburin Jijiyar Ƙwaƙwalwa Tun Bai Fashe Ba

Mun sha jin labarin ɗan kasuwa da ya buɗe rumfarsa lafiya lau, can sai ya dafe kai, ya faɗi, bai ƙara tashi ba. Nan da nan sai a ce jifa ne ko iska. Alhali kuwa a wasu lokuta jijiyar jini ce ta fashe a cikin kansa.

Likitoci suna kiran wannan ciwo anebirisim. Bangon jijiya ne ke yin rauni ya kumbura, kamar tsohuwar taya mai ƙululu. Kimanin mutum 3 cikin manya 100 suna ɗauke da shi ba su sani ba, kuma mafi yawansu ba ya taɓa fashe masu. To amma idan ya fashe, wajen mutum ɗaya cikin uku ba ya kai labari.

Kafin ya fashe wani sa'in yakan ba da alama: fatar ido ɗaya ta sauko, a riƙa ganin abu biyu-biyu, ko zafi a bayan ido. Mai wannan ya nemi likita a ranar. Awon sikana ko IRM na jijiyoyi ne ke nuna shi, kuma ya kamaci wanda mutum biyu cikin iyayensa ko ƴan'uwansa na jini suka yi ciwon. Ƙarami, wanda bai kai milimita 7 ba, galibi sa ido ake yi. Mai haɗari kuwa akan buɗe kai a matse wuyansa da ɗan ƙarfe, aikin da aka fara tun 1937, ko a bi ta jijiyar cinya a cusa masa siririyar waya ya toshe.

Waɗannan ayyuka sai manyan asibitoci, da kuɗi masu yawa. Abin da ke hannunmu mai araha ne. Hawan jini da taba sigari su ne ke ƙara masa ƙarfi. Don haka muna kira ga shugabannin kasuwannin Konni, Dan Isa da Gaya su nemi ma'aikatan lafiya su riƙa auna tansiyo kowace ranar kasuwa. Wanda nasa ya kai 14/9 ya ga likita, ya bar ƙwayoyin masu talla.

Wanda kuma ciwon kai irin wanda bai taɓa ji ba ya sare shi farat ɗaya, da amai ko sanƙarewar wuya, a rufe rumfa a nufi asibiti da shi. Ciniki yana jira, wannan ciwo ba ya jira.