Abarej ɗinka ba 90 ba ne, malam

1/ Yau sai na yi magana ko da za a zage ni. Tunda bidiyon Luke Littler ya fara yawo, kowa ya zama gwanin darts, wasan nan na jifan allo da 'yan kibiyoyi. Jiya wani a hostal ɗinmu ya dubi tsabar idona ya ce abarej ɗinsa 90. Haba malam! Ku zo mu yi lissafi.

2/ Ga wanda bai sani ba: ana farawa da maki 501, kowa ya jefa kibiya uku a zuwansa, ana ragewa har sifili. Abarej shi ne matsakaicin abin da kake ci a jifa ukun nan. Ƙarshen abin da za ka iya ci 180 ne, wato duka ukun su shiga ɗan siririn gidan da ke ninka 20 sau uku.

3/ Lissafin ba wuya. Raba 501 da yawan kibiyoyin da ka jefa kafin ka gama, ka ninka sau uku.
Kibiya 15: 100
Kibiya 18: 83.5
Kibiya 24: kusan 63
Kibiya 30: 50
Kibiya 45: 33
Mai 90 kenan yana gamawa da kibiya 16 ko 17, kuma wasa bayan wasa, ba sau ɗaya ba.

4/ Na ce wa mutumina bismillah, na ɗauki biro da takarda. Wasan farko ya ci kibiya 38. Abarej 40 ma bai cika ba. Wai hannunsa bai yi zafi ba. Na biyu 41. Wai iskar fanka ce. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

5/ Ga yadda matakan suke a kimance. Sabon shiga yana yawo a 30 zuwa 40. Mai taɓawa a kai a kai, 40 zuwa 55. Wanda ya kai 60 zuwa 70 gwani ne a gasar unguwa ko a Ingila, inda wasan ya yi jijiya. Daga 90 zuwa sama kuwa, masu cin abinci da wasan ne.

6/ Su ma ɗin, 100 ba kullum ba ce. Michael van Gerwen na Holan ya yi 123.40 a 2016, ya kafa tarihi a wasan da aka haska a talabijin. Wasa marar kuskure, kibiya 9, shi ne 167. Littler ya ci kofin duniya a Landan a Janairun 2025 yana ɗan shekara 17, amma tun yana ɗan mitsitsi yake jifa. Kai kuma bara ka fara.

7/ Me ke ruɗin mutane? Kana tuna ranar da ka ci 140, ka manta sau nawa ka ci 26. Gidan 20 yana tsakanin 1 da 5 ne. Hannu ya ɗan karkace, ka tashi da 20, 5, 1. Sannan ba a gamawa sai ta gidan ninki biyu. Ka yi ta kuskure a can, abarej na zubewa kamar ruwa a kwando.

8/ Za ku ce ai wasa ne, meye na zafi? Ga dalili. Akwai wani ɗan aji ɗaya da ya fara zuwa wurinmu, shi kaɗai ke rubuta makinsa da gaskiya. Ya ce ya samu 35, aka fashe masa da dariya. Masu dariyar wallahi ba su fi shi ba. Sati uku kenan bai dawo ba. Cika bakinku ya kori mai gaskiya.

9/ Wasu kuma za su ce abarej ba shi ne komai ba. Na yarda. Raymond van Barneveld ya yi 109.34 a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 2017, kuma ya sha kashi. Wanda ya riga gamawa shi ya ci. To amma in lambar ba ta dame ka ba, me ya kai ka ƙara mata gishiri?

10/ Ga ƙalubale. Tsakiyar allo mita 1.73 daga ƙasa, ka tsaya nesa da mita 2.37, ban da satar taku. Yi wasa goma, rubuta kowace kibiya har da wadda ta faɗi ƙasa, ka kawo lambar nan.

11/ Bari in fara: nawa 46. Wata shida da suka wuce 34 ne, kuma ba na jin kunya. Ɗan aji ɗaya, in kana karantawa, ka dawo ranar Asabar bayan la'asar. Biro da takarda na wurina.