Zumunci A Ƙafa Yake, Korona Ta Ɗaure Ƙafa: Yadda Tsofaffin Ɗaliban Amurka Suka Riƙe Junansu

Duk wanda ya kalli bikin rantsar da Joe Biden da mataimakiyarsa Kamala Harris ranar 20 ga Janairun 2021, ya ga filin da jama'a suka saba cikawa a Washington fayau, sai tutoci kusan dubu 200 da aka kakkafa a madadin mutane. Kwana guda kafin nan ne adadin waɗanda korona ta kashe a Amurka ya haura dubu 400. Amma akwai wani taron da aka yi a cikin gidaje. Dubban mata daga jihohi daban-daban sun ɗaura sarƙar lu'ulu'u a wuya, sun ɗauki hotuna sun watsa a Facebook da Instagram. Da yawansu 'yan ƙungiyar Alpha Kappa Alpha ne, wadda Kamala ta shiga a 1986 tana ɗaliba a Jami'ar Howard, kuma lu'ulu'u alamar ƙungiyar ce. Tun lokacin kamfe ma an riƙa ganin gudummawar dala 19.08 tana ta shigowa, ishara ga 1908, shekarar da aka kafa ta.

Tambayar da ta tsaya min a rai ita ce: mutanen da suka kusa shekara ba su zauna ɗaki ɗaya ba, ta yaya saƙo ya isa ga kowa har suka motsa tare? Amsar ta shafi duk wanda yake cikin wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, musamman irinmu mazauna Kurmi da makarantunmu suke can nesa.

Bari in fara da share wata ƙura. A nan Kudu, da an ce ƙungiyar 'yan'uwantaka ta jami'a, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne 'yan ƙungiyar asiri da gatari. Ba laifinmu ba ne. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Badun, daga baya wasu suka ɓalle suka kafa nasu, abin ya rikiɗe ya zama zubar da jinin da muke gani a makarantu da unguwanni. Na Amurka, waɗanda suke kira fraternity idan na maza ne, sorority idan na mata, a fili suke, da rajista da ofis da gidaje, kuma jami'a ta san da zamansu. Sunayensu haruffan Girkanci ne, al'adar da ta faro daga Phi Beta Kappa a 1776. Su ma suna da nasu tabon, don shaye-shaye da azabtar da sabbin shiga sun sha jawo mutuwar ɗalibai. Sai dai abin da ya bambanta su shi ne, shiga ta har abada ce. Ka gama karatu, ka koma reshen tsofaffi na garin da kake aiki, ka ci gaba da biyan kuɗin ƙungiya har furfura.

Wannan ya fi ƙarfi a manyan ƙungiyoyi tara na baƙaƙen fata, waɗanda aka kafa akasarinsu a zamanin da Turawa ba sa karɓar baƙi cikin nasu. Alpha Phi Alpha ta fara a Jami'ar Cornell a 1906, kuma Martin Luther King ɗanta ne. Phi Beta Sigma ta fara a Howard a 1914, kuma a cikinta ne Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah suka yi zumunci lokacin da suke karatu a Amurka. Kun ga ashe abin bai yi mana nisa sosai ba.

To me korona ta lalata musu? Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya, a cikin makon kuma jami'o'i suka fara sallamar ɗalibai. Abu na farko da ya faɗi shi ne kalanda. Zumuncin waɗannan mutane a kan ranaku yake tafiya: taron wata-wata na reshe, babban taro na ƙasa, bikin komawa tsohuwar makaranta da ake yi da kaka, da ranar tunawa da waɗanda suka kafa ƙungiya. Biyar daga cikin taran nan a Janairu ranarsu take faɗowa, a 2021 kuwa akasari ta allon kwamfuta aka gaisa. Jami'ar Howard, wadda bikinta na komawa gida ya yi suna a duk faɗin ƙasar, ta intanet ta yi na 2020.

Abu na biyu, wanda ya fi ciwo, jana'iza ce. Waɗannan ƙungiyoyi suna da al'adar taruwa su yi wa ɗan'uwansu bankwana kafin a binne shi. 'Yan Alpha ba sa cewa wane ya mutu, cewa suke ya koma reshen Omega, wato harafin ƙarshe na Girkanci. Annobar ta fi yi wa baƙaƙen fata da tsofaffi ɓarna, ga shi an hana taro. Ranar 17 ga Yulin 2020 manyan 'yan gwagwarmaya biyu suka rasu rana ɗaya, John Lewis na Phi Beta Sigma da C.T. Vivian na Alpha. Ba korona ce ajalinsu ba, amma ita ta tsara jana'izarsu: takunkumi, tazara, da taƙaita mahalarta. Idan manya irin waɗannan haka aka yi musu, ina ga malamin makarantar da ya yi ritaya a wani ƙaramin gari?

Na uku kuɗi ne. A jami'o'i da dama, gidan da ɗaliban ƙungiya suke kwana ba na jami'a ba ne, wani kwamiti na tsofaffin 'yan ƙungiyar ne yake riƙe da shi. Da ɗalibai suka watse, haya ta tsaya, iyaye suna neman a mayar musu da ragowar kuɗinsu, bashin banki da inshora kuma ba su san annoba ba. Dole aka koma ga tsofaffi da ƙoƙon bara. Kuma kowa ya sani, mutumin da ba ka neme shi ba shekara biyar, ba ranar da kake neman kuɗinsa za ka fara tambayar lafiyarsa ba.

Maganin da kowa ya ruga gare shi shi ne Zoom. Kamfanin da kansa ya ce masu halartar taro a manhajar sun tashi daga miliyan 10 a rana a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Gaskiya ta yi rana. Wanda aiki ya kai shi wata jiha ko wata ƙasa, wanda a da sai ya sayi tikitin jirgi ya kama otal kafin ya ga abokan karatunsa, yanzu daga falonsa yake shiga. Mai jinya da mai ƙananan yara su ma sun samu. Rassa sun yi tarukansu na wata, sun yi zaɓe, sun yi lacca, sun yi addu'ar mamata, duk ta allo. Da babu gara ba daɗi.

Amma a ganina, duk wanda ya ce Zoom ce ta ceci waɗannan ƙungiyoyi bai duba da kyau ba. Manhaja ba ta san kowa ba. Kafin ka tura wa mutum gayyata, sai kana da adireshinsa na imel ko lambar wayarsa, kuma sai ta kasance wadda yake amfani da ita yau. Ƙungiyoyin nan sun shafe shekaru suna riƙe da kundin sunaye, kowane memba da lambarsa, kowane reshe da sakataren da aikinsa ke nan. Alpha Phi Alpha tana buga mujallarta mai suna Sphinx tun 1914, kuma mujalla ba ta zuwa gidan da ba a san adireshinsa ba. Wannan aikin mai gundura, na gyara lamba da bin wanda ya yi ƙaura, shi ne jarin da aka ci lokacin da ƙafa ta ɗaure. Reshen da ya yi sakaci da kundinsa, ko ya buɗe Zoom fuskokin da aka saba gani su ne dai za su bayyana.

Sannan akwai waɗanda allo ba ya kaiwa gare su. Dattijo mai shekara 80, wanda shi ne cutar ta fi yi wa barazana, shi ne kuma ya fi zama cikin kaɗaici, shi ne mafi wahalar shiga taron intanet. A nan sai aka koma tsohuwar hanya: a raba sunayen dattawa, kowane matashi ya ɗauki kaɗan, ya riƙa buga waya yana tambaya ko akwai magani, ko akwai cefane. Ba fasaha a ciki, amma ita ce hanyar da za a gane wane ya kwana biyu ba a ji ɗuriyarsa ba.

Ɓangaren da ya fi muhimmanci a wurina shi ne na labari, don haɗa mutane daban, sanar da su gaskiya daban. Da aka fara komawa makarantu, gidajen waɗannan ƙungiyoyi sun zama matattarar cutar. A Jami'ar Washington da ke Seattle, ɗalibai fiye da 100 mazauna irin gidajen suka kamu a farkon Yulin 2020. A Satumba, Jami'ar Indiana ta shawarci gidajen da ke harabarta ta Bloomington su rufe. Waye zai yanke hukunci? Tsofaffin da ke riƙe da gidan. Idan shugabanni suka ɓoye adadin waɗanda suka kamu don kare sunan ƙungiya, iyaye za su ji a jarida, amana ta tafi. Idan suka faɗa, sabbin shiga za su ragu, kuɗi ya ragu. Sanar da 'yan'uwa a irin wannan hali yana da tsada, kuma a nan ake gane shugabanci.

Haka batun rigakafi, wanda aka fara yi a Amurka ranar 14 ga Disambar 2020. Baƙaƙen fata ba su manta da abin da aka yi a Tuskegee ba, inda daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnati ta bar ɗaruruwan maza baƙaƙe da ciwon tunjere ba magani don a ga yadda cutar za ta ci jikinsu. Mutanen da aka yi wa haka ba sanarwar gwamnati ce za ta kwantar musu da hankali ba. A Satumbar 2020 shugaban Jami'ar Dillard na lokacin, Walter Kimbrough, wanda ɗan Alpha ne, tare da takwaransa na Jami'ar Xavier, suka shiga gwajin allurar da kansu, suka rubuta wa jama'arsu wasiƙa suna ƙarfafa musu gwiwa. Sun sha suka ba kaɗan ba. Amma sun nuna abin da ƙungiya take da shi wanda hukuma ba ta da shi: likitan da zai yi maka bayani abokin karatunka ne, kun ci abinci kwano ɗaya, za ka iya katse shi ka ce ban yarda ba, sake faɗa.

Mu dawo gida. Mu ma mun ɗanɗana. An rufe Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris 2020, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ƙaramar Sallar 2020 da yawanmu a nan muka yi ta. Taron tsofaffin ɗalibai da aka saba sakawa lokacin hutun Sallah ko ƙarshen shekara ya sha ruwa. Abin da ya rage mana shi ne zauren WhatsApp. Ni ina cikin irin wannan zaure na 'yan ajinmu, kuma na tabbata naku ma haka yake: saƙon barka da Juma'a, muhawarar siyasa, sai muryar wani wai shi likita da ba wanda ya san shi yana koyar da haɗin maganin korona. Ba wasa ba ne, a Maris na 2020 hukumomin Legas sun sanar da cewa an kwantar da mutane saboda shan kulorakwin fiye da kima. Har sai da kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya yi yawo da yawa a Afrilu. A cikin wannan hayaniyar, sanarwar rasuwar ɗan aji tana iya nutsewa ƙarƙashin saƙo 200, sai bayan sadakar bakwai wani ya ce, wai da gaske ne?

A Disambar 2020 aka ce mun shiga zagaye na biyu na cutar, amma lokacin gyara bai wuce ba, kuma ba ya bukatar dala. A samu mutum ɗaya ko biyu su rubuta sunan kowa, da garin da yake, da lamba ta biyu ta wani na kusa da shi. A ware zaure guda wanda shugabanni kaɗai ke rubutu a ciki, don rasuwa da rashin lafiya da lissafin kuɗi, hira ta tsaya a ɗayan. Maganar lafiya a bar wa ɗan ƙungiya wanda aikinsa ke nan, likita ko nas ko mai haɗa magunguna, sunansa a ƙasan saƙo. Waɗanda ba su da babbar waya ko kuɗin data, da tsofaffin malamanmu, a raba su a riƙa kiransu ko sau ɗaya a wata. Kuɗin da aka tara kuwa a faɗi inda ya shiga, ko na katin waya ne.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ƙafa sai ta san gidan da za ta. Sakataren ƙungiyarku, in aka tashe shi yau da dare aka ce ya kawo lambar kowa da kowa, mutum nawa zai rasa? Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.