Kafin ka rubuta "sojan Jamus" a ƙarƙashin tsohon hoto

Wannan makon ina so mu tsaya kan wata al'ada da ta yi yawa a Facebook, har ta fara shiga rubutunmu. Mutum ya samu tsohon hoto baƙi da fari, wani dattijo a tsaye cikin kaki da dara a ka, sai kawai ya rubuta: "sojan Jamus ne", ko "ya yi yaƙin Hitila", ko "ɗan Burma ne". Kafin magariba mutum ɗari sun yaɗa. Bayan shekara wani ya ɗauka ya gina labari a kai, ya ce tarihi ne. Ni a ganina marubucin da bai iya karanta tufafin da ke jikin hoto ba bai kamata ya sa masa suna ba.

Mu fara da gida. Jamus ba ta taɓa mulkin Tambuwal ko Kebbe ba, ko wani yanki na ƙasar Sakkwato ta yau. Jamusawa sun zo, amma a matsayin baƙi: Heinrich Barth a 1853, Paul Staudinger a 1886, sai tawagar Hans Gruner da ta taso daga Togo ta iso Gwandu a 1895 tana neman yarjejeniya. Waɗanda suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila ne na rundunar WAFF. Don haka hoton soja da aka ciro daga adakar kaka a yankinmu, zato na farko shi ne na Ingila ne.

Amma kada wani ya yi saurin cewa babu Bahaushen da ya sa kakin Jamus. Akwai. Jamus ta riƙe Togo da Kamaru tun 1884, kuma ta ɗauki Hausawa cikin 'yan sandanta da sojojinta a can. Garwa da Marwa, garuruwan Adamawa da a da suke biyayya ga Sakkwato ta hannun Yola, a hannun Jamus suka faɗa a 1901 da 1902. Fatake kuwa ba su san iyaka ba. Ɗan da ya bi ayarin goro ya ɓace shekara goma, ba abin mamaki ba ne ya dawo da hoto cikin kakin wata ƙasa.

To a nan ne aikin yake. Sojan Ingila na WAFF jar dara yake sawa. Baƙin sojan Jamus na Kamaru shi ma jar dara. Sojan Faransa, irin waɗanda aka ɗiba daga Nijar, shi ma jar hula. A hoto baƙi da fari duk ukun duhu ɗaya za ka gani. Dara ba shaida ba ce. Abin da ke manne a goshinta shi ne shaida. Na Jamus mikiya ce ta ƙarfe mai buɗaɗɗun fukafukai. Alamar rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma itacen kwakwar manja ne. Sojojin Faransa na ƙasashen mallaka kuma alamarsu ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa. Ka faɗaɗa hoton a wayarka ka duba hula, ka duba wuyan riga, ka duba kan ɗamara da aninai. In ka ga 'yar guntuwar riga a buɗe a kan kaki, mai ado a baki, da faffaɗar ɗamarar ƙyalle a ƙugu, wannan kayan faretin sojan Ingila ne.

In akwai Bature a hoton, ya sauƙaƙa maka. Hafsan Jamus na ƙasashen mallaka yakan sa malafa mai toka-toka wadda aka naɗe gefenta ɗaya sama, aka maƙale da wani zagayayyen tambari mai launin baƙi da fari da ja. Launin bakin malafar ma yana faɗin inda yake aiki: ja na Kamaru, fari na Gabashin Afirka, shuɗi na ƙasar da yau ake kira Namibiya. Shi ya sa nake jin haushin hotunan da ake shafa wa launi da manhaja. Na'ura cinta take yi, tana iya mayar da sojan Kamaru na Namibiya, mai karatu kuma ya ɗauka haka aka ɗauki hoton.

Maganar "sojan Hitila" kuwa lissafi kawai ya isa. Garwa ta faɗi a Yunin 1915. Sansanin Jamus na ƙarshe a Kamaru, wanda ke kan dutsen Mora ƙarƙashin Kyaftin von Raben, ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. Hitila bai hau mulki ba sai 1933, lokacin Jamus ba ta da ko taƙi ɗaya a Afirka ta Yamma. Dattijon da aka ce ya yi yaƙin Hitila, in har ya yi, yaƙar ɓangaren Hitila ya yi: a Habasha da Italiyawa, ko a Burma da Japanawa cikin runduna ta 81 ko ta 82. Su waɗannan a filin daga malafar daji suke sawa, ba dara ba.

Wani zai ce, ai mu ƙagaggen labari muke rubutawa, me ya dame mu da mikiya da kwakwa? Duba rayuwar Chari Maigumeri. Ya fara soja a wurin Jamusawa a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunarsu, ya kai babban samanja, ya yi yaƙin duniya na biyu, ya yi ritaya a 1953. Yau barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi. Mutum ɗaya, kaki biyu na abokan gaba. Wane marubuci ne zai ƙirƙiro abin da ya fi wannan? Wanda ya ga dara ya rubuta "sojan Turawa" ya wuce, ya bar irin wannan labari a ƙasa bai sani ba.

Kuma ba kowane mai kaki ne soja ba. Akwai 'yan doka na En'e, akwai masinjan D.O., akwai ma'aikacin jirgin ƙasa. Iyali na iya mayar da masinja mayaƙi cikin ƙauna, ba da niyyar ƙarya ba. Ka saurare su da ladabi, ka rubuta abin da suka ce a matsayin abin da suka ce. Sannan ka juya bayan hoton ko akwai hatimin mai ɗauka da sunan gari. Ka ƙirga igiyoyin hannu, biyu kofur, uku saje. Ka tambaya ko takardar sallama ko lambar yabo tana nan, don wasu lambobin, musamman na yaƙin farko, ana zana suna da lambar soja a jikinsu.

Masu zuwa gida Kebbe ko Tambuwal ƙarshen mako, in an fito muku da irin wannan hoto, ku nemi izinin masu shi, ku ɗauke shi gaba da baya cikin haske, kada ku shafa masa launi, ku kawo nan mu duba goshin hular tare.