Ba Mawaƙi, Kuma Ba a Rasa Komai Ba

Duk wanda muka kunna wa kiɗan Tides From Nebula, tambayarsa ɗaya ce: "To, yaushe mawaƙin zai shigo?" Ba zai shigo ba. Tun da ƙungiyar ta kafu a Warsaw, babban birnin Poland, a 2008, ba ta da mawaƙi. Jita da ganguna ne ke yin maganar, kuma mun gaji da jin ana kiran wannan naƙasa.

Masu sukar kashi biyu ne. Na farko sun ce salon post-metal hayaniya ce kawai. Da sun yi haƙurin minti biyar, da sun ji yadda abin yake tafiya. Jita ɗaya ce ke farawa da 'yan sautuka tana nanata su, amsa-kuwwa na biye da ita. Ganguna su shigo a hankali, nauyi ya yi ta taruwa kamar hadarin gabas, sannan komai ya ɓarke lokaci guda. Wanda ya danna gaba bayan daƙiƙa goma bai ji komai ba, balle ya yanke hukunci. Faifansu na biyu, Earthshine, na 2011, Zbigniew Preisner ne ya kula da haɗa shi, mutumin da ya tsara kiɗan fina-finan Krzysztof Kieślowski. Irin wannan gwani zai ɓata lokacinsa kan hayaniya?

Kashi na biyu su ne masu gadin ƙofar metal. Sun ce ƙungiyar ta yi laushi, musamman a From Voodoo to Zen na 2019, lokacin da suka koma mutum uku suka ba sautin na'ura fili. Waɗannan so suke a yi ta sake musu Aura na 2009 har abada. Amma makaɗin da shekara goma ba ta sauya masa hannu ba, ai maimaici yake yi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a ji ƙorafin rashin mawaƙi daga bakinmu, mu da muka san kalangu na kiran sunan mutum ba tare da an buɗe baki ba. Waƙa mai baiti tana gaya maka abin da za ka ji a ranka. Wannan kiɗan kuwa bar maka gurbin yake yi, ka cika da naka baƙin cikin ko murnar. Shi ya sa ba ka bukatar jin harshen Poland kafin ya taɓa ka.

Ku sa abin ji a kunne, ku kife wayar, ku bar faifan ya kai ƙarshe. In har lokacin kuna neman mawaƙi, sai mu yi gardamar.