Filin Sani: Jirgin ruwa mai cin gazuwal da kuran

Gulbin Maraɗi ba ruwan jirgi ba ne. Da damina yakan kawo ruwa, da rani sai rairayi. To, mi ya haɗa manomin Jiratawa da zancen jirgin ruwa? Inji ne ya haɗa su. Lissafin da mai jirgi yake yi kafin ya sayi inji, shi ne lissafin mai ban ruwa.

A shekara ta 1903, a ƙasar Rasha, an ƙera wani jirgi mai suna Vandal don ɗaukar man fetur a kogin Volga. Injin gazuwal na wancan zamani yana da aibi guda: ba ya juyawa baya. Jirgin kogi kuwa dole ya yi gaba, ya yi baya, ya raɓa gaɓa. Sai maƙera suka yi dabara. Suka raba injin da farfelar da ke tura ruwa. Injin gazuwal ya juya gurup, gurup ya ba da kuran, kuran ya bi waya ya juya injin lantarki, shi kuma ya juya farfela. Injin lantarki ba shi da gardama. Gaba ko baya, duk ɗaya ne gare shi.

Yau an ƙara batir a tsakani. Batir kamar rumbu yake. In aiki ya yi sauƙi, rarar kuran ta shiga rumbu. In aiki ya yi nauyi, misali jirgi ya cika da kaya yana hawan ruwa, sai a ɗebo daga rumbu a taimaki inji. Kusa da gari kuma a kashe gazuwal, a tafi da batir kaɗai, ba hayaƙi, ba ƙara.

Ga inda ribar take. Injin gazuwal ya fi tattalin mai in an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa. Babban inji da ƙaramin aiki asara ce, kamar a ɗaura wa shanu biyu amalanke don ɗaukar ƙwarya guda. Ko inji mai lafiya, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man ne yake zama aiki. Saura zafi ne da hayaƙi. Don haka masu tsara jirgi ba su fara zaɓen inji. Aikin suke fara aunawa: nauyin kaya, nisan tafiya, ƙarfin ruwa, awa nawa a yini. Daga nan su ɗauki inji madaidaici, batir ya cika giɓin lokacin nauyi.

Amma abin ba kyauta ba ne. Duk sa'ad da ƙarfi ya sake hannu, daga inji zuwa gurup, daga gurup zuwa batir, wani abu yakan zube a hanya. Batir yana da tsada, yana da nauyi, ba ya son zafi, kuma ba kowane makanike ya iya gyaransa ba. Jirgin da ke doguwar tafiya da gudu ɗaya, cike da kaya, gara a bar shi da gazuwal zalla.

A Jiratawa, tun farkon shekarun 1980 aka gyara fadama, hekta fiye da 500, ƙarƙashin kulawar ONAHA. Ruwan daga rijiyoyin burtsatse yake fitowa, kuma kuran ke ɗago shi. A 2023, da Najeriya ta yanke kuran ɗin da take sayar wa Nijar wata da watanni, kowa ya ga haɗarin dogaro da ƙafa ɗaya. Zogale yana da haƙuri, amma albasa da tattasai ba su jiran a maido wuta.

Ƙungiyar manoma da ke tunanin ƙara gurup ko farantin hasken rana, ta yi irin na mai jirgi. Ta san zurfin ruwan rijiyarta a watan Afrilu, ba a Satumba ba. Ta san awa nawa famfo ke aiki a yini. Ta tuna kuma famfon lantarki yakan ja kuran ninki da yawa lokacin tashi, sa'an nan ya sauko. Duk wannan a rubuta shi a littafin ƙungiya, rana rana, kafin magatakarda da ma'aji su tafi wurin mai sayar da inji a Maraɗi.